Na shiga gidan burodin Yahudawa a Stamford Hill, ku zo ku ji

Maman Affan:
Assalamu alaikum mutanen gida, ya sanyi ya ɗawainiya. Ni dai yau na yi abin da ban taɓa yi ba shekara shida ina garin nan na Landan, na shiga gidan burodin Yahudawa. Kullum fa ta gabansu nake wucewa in na hau bas 149 daga Tottenham zan je kasuwar Ridley Road siyan doya da busasshen kifi, ina hango su ta taga da dogayen baƙaƙen riguna da malafa, ga yaran nan masu gashi a murɗe gefen kunne, amma ban taɓa sauka ba. To yau sai bas ɗin ta tsaya a Stamford Hill direba yace kowa ya sauka a jira ta baya, ga yayyafi ga Affan yana min kukan yunwa, kawai sai wani ƙamshi ya bugi hancina irin na suyar fanke da sassafe a bakin layinmu a Gwammaja, wlh ban san sanda ƙafata ta bi shi ba.

Shagon ɗan ƙarami ne, mutum takwas in sun shiga ya cika, ga kekunan jarirai an jera a ƙofa. Ina shiga da hijabina na zaci za a zuba min ido, ba wanda ya ko ɗago kai, kowa ta layinsa yake. Faranti faranti na donat an jera tun daga kanta har bango, marasa huda a tsakiya, an barbaɗe su da farin suga, kowanne da ɗigon jan jam a ka. Matar da ke kanta dattijuwa ce da ɗankwali, nace mata yarona jikinsa baya karɓar madara, akwai abin da zai iya ci? Sai ta nuna min gefe ɗaya gaba ɗaya tace duk wannan "parev" ne, ba madara ba bota. Jama'a ni da nake karanta bayan kowace leda kamar mai shirin jarabawa, yau an nuna min kanta guda ance zaɓi. Na siyi donat huɗu, da wani burodi mai kitso, da wasu 'yan ƙanana nannaɗaɗɗu masu cakulat. Affan ya cinye biyu kafin bas ta zo, jam har kunne.

Sai da na dawo gida na fara tunani, anya ban yi garaje ba? Ya halatta kuwa? Kuma menene wannan parev ɗin?

Alhaji Baffa:
Hhhh Maman Affan sai da aka cinye aka suɗe hannu sannan za a nemi fatawa. Ihu bayan hari kenan

Maman Affan:
Alhaji saura biyu suna kwali, fatawar ta su ce 😂

Nas Hadiza Manchester:
Wa alaikumussalam. Anti ni na san wannan sosai don a Prestwich nake, makwabtana kusan duk su ne. Su a addininsu ba a haɗa nama da madara, ba a tukunya ɗaya ba, ba a faranti ɗaya ba, gidajen masu riƙo ma wurin wanke wanke biyu ne. To abinci kashi uku ne a wajensu, na nama, na madara, sai wanda ba ruwansa da ko ɗaya, shine parev, kamar ƙwai, kifi, kayan lambu, fulawa. Yawancin burodi da kek ɗinsu suna yin shi parev da man gyaɗa ko majarin don a samu a ci bayan an ci nama ranar Asabar, ranar hutu da ibadarsu.

Amma dan Allah ki kula, parev hukuncin addini ne ba na asibiti ba. In alajin Affan mai ƙarfi ne irin wanda ake yawo da allura, ki tambaye su ko a wuri ɗaya suke gasa na madara da wanda ba madara, ko cokali ɗaya ake ɗauka da shi. Kuma ƙwai yana ciki sosai, da riɗi da gyaɗa a wasu.

Maman Affan:
Nasa ƙuraje ne da gudawa kawai Alhamdulillah, ba mai toshe numfashi ba. Har yanzu dai shiru, yana can yana tsalle a kan kujera

Ummu Sumayya:
Ni kam gaskiya ban ji daɗin wannan ba. Duk shagunan musulmi da ke garin nan, ga Turkawa nan a Stoke Newington taku kaɗan daga inda kika sauka suna gasa burodi mai kyau, sai na Yahudu? Kuma a wannan lokacin da muke ganin abin da ake yiwa 'yan uwanmu a Gaza, ni zuciyata ba za ta iya ba wlh, ko kyauta aka bani

Malam Habu:
Wa alaikumussalam warahmatullah. Magana biyu ce aka haɗa, gara a raba su. Ta farko halacci. Aya ta 5 cikin Suratul Ma'ida a fili take, abincin waɗanda aka ba wa Littafi halal ne gare ku, kuma abincinku halal ne gare su. Malaman tafsiri ma sunce abin da ayar ta fi nufi shine yankansu, don burodi da hatsi da 'ya'yan itace ba a taɓa yin saɓani a kansu ba ko na waye. Kuma yana cikin Bukhari daga Nana A'isha cewa Manzon Allah SAW ya rasu sulkensa yana jingine a wajen wani Bayahude saboda sa'i talatin na sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa. Kenan ciniki da su, har ma cinikin abinci, ba sabon abu bane.

Abin da za ki lura da shi ɗaya ne, kosha, wato abincin da dokar addininsu ta yarda a ci, ba daidai yake da halal ba a komai. Alade sun haramta kamar mu, jini sun haramta, har ƙwai suna fasa shi su duba in da ɗigon jini su zubar, to ba za ki samu kitsen alade a burodinsu ba. Amma giya halal ce a wajensu, da ruwan inabi ma suke buɗe ranar Asabar. To akwai kek da alawar cakulat da ake zuba wa giya, wannan sai an tambaya. Donat mai jam da burodi mai kitso ban san ana sa musu ba, amma tambaya bata da tsada.

Magana ta biyu ta Ummu Sumayya ce, wannan kuma ba ta halal da haram bace, ta zuciya ce da siyasa, zan bar wa masu zama a unguwar.

Alhaji Baffa:
An wanke donat biyu. Maman Affan a turo nawa ta DHL

Ummu Sumayya:
Malam ni ban ce haram bane, Allah ya tsare ni da haramta abin da bai haramta ba. Cewa nayi kuɗina ba zai je can ba

Anti Bilki (admin):
Ummu Sumayya ƙanwata na fahimce ki, kuma ba wanda zai tilasta miki, duk cikinmu nan ba wanda abin Gaza baya ci masa rai. Amma bari in faɗa miki abin da na sani don na zauna a Clapton shekara goma sha ɗaya kafin mu koma kudu. Mutanen Stamford Hill ba baƙi bane da suka zo jiya daga Isra'ila, kakanninsu daga gabashin Turai suka zo, Poland, Hungary, Rasha, wasu tun kafin yaƙin duniya wasu bayansa, harshensu na gida ma Yidish ne. Kuma akwai ɓangare babba a cikinsu da ake kira Satmar waɗanda a aƙidarsu ma basu yarda da kafa ƙasar Isra'ila ba, suna cewa ba a kafa daula sai Almasihunsu ya zo. Ba nace duka haka suke ba, akwai masu goyon baya, amma ki ɗauki tsohuwa mai sayar da burodi ki ɗora mata laifin gwamnati, mu da muke kuka kullum in wani ya tada bam ace duk musulmi ne, ai bai kamata ya fito daga bakinmu ba.

Kuma ina nan a unguwar a 2013 lokacin da aka kashe sojan nan a Woolwich aka fara kai wa masallatai hari, 'yan sintirinsu da ake kira Shomrim su suka sa masallatan unguwar cikin wuraren da suke zagayawa da dare. Akwai wani malaminsu Rabbi Herschel Gluck da ya daɗe yana zama da shugabannin musulmin wajen. A kan titin Cazenove masallaci da wuraren ibadarsu kusan jere suke. Wannan da idona na gani ba labari ba.

Ummu Sumayya:
To Anti naji. Ni dai ina nan kan bakana amma ban ce Maman Affan ta yi zunubi ba. Allah ya kawo wa Falasɗinawa sauƙi

Anti Bilki (admin):
Amin ya Rabbi. To a tsaya nan a kan wannan ɓangaren dan Allah, duk wanda ya turo zagin wani addini ko wata ƙabila zan goge, kun san dokar gidan nan. A koma kan fulawa

Zainab mai kek Kaduna:
Yauwa Anti dama ni fulawar nake jira 😩 Maman Affan dan girman Allah ki yanka ɗaya ki ɗauko mana hoton cikinsa. Yana shan mai? Laushinsa kamar na fanke ne ko kamar burodi?

Maman Affan:
Zainab na yanka. Cikin fari tas kamar auduga, ya fi fanke sauƙi nesa, fanke ai yana da ɗan danƙo in kika ja shi, wannan kuwa yagewa yake. Bai sha mai ba ko kaɗan, ledar ma bata jiƙe ba. Kuma akwai wani farin zobe da ya zagaye tsakiyarsa inda mai bai taɓa ba. Matar tace sunansa sufganiya, in da yawa sufganiyot, sai da ta maimaita min sau uku ina cewa safganiya tana dariya. Tace wai satin nan bikinsu ne shi yasa suka cika shagon da shi, sauran watannin shekara ba za ki ga yawansa haka ba

Nas Hadiza Manchester:
Eh Hanuka ake yi, kwana takwas ne, yawanci a Disamba yake faɗowa amma yana motsi don kalandarsu da wata take tafiya, sai dai suna ƙara wata guda a wasu shekarun shi yasa baya zagaye shekara kamar azuminmu. In kin lura da yamma za ki ga fitilu a tagoginsu, abin ɗora kyandir mai reshe tara, kowane dare ana ƙara kunna ɗaya. Labarin da makwabciyata ta bani shine wani sarkin Girkawa na Sham mai suna Antiyokus ya hana su addininsu ya sa gumaka a ɗakin ibadarsu na Ƙudus, sai wasu da ake kira Makabiyawa suka yi tawaye suka ƙwato wurin, wajen shekara 164 kafin haihuwar Annabi Isa AS. Da suka zo kunna fitilar ɗakin sai suka tarar da man zaitun mai tsarki na kwana ɗaya kacal, amma a faɗarsu ya kai kwana takwas yana ci. To tunawa da man nan ne yasa duk abincin bikin soyayye ne. Bayan donat akwai wani da suke goga dankalin turawa da albasa da ƙwai su soya shi faifai kamar wainar rogo, latkes suke ce masa, ita tana aiko min duk shekara ni kuma in aika mata dubulan da sallah, amma ta faɗa min gaskiya tun farko cewa ba za su iya ci ba don tukunyata ba kosha bace, mai musu shara take bawa. Da farko naji haushi wlh, daga baya na tuna nima in ta kawo min nama ai ba zan ci ba sai nayi tambaya dubu

Alhaji Baffa:
Wato biki guda an kafa shi kan suya. Da Bahaushe aka ba wannan ai ƙosai ne zai ci sarauta, kwana takwas ana ƙosai da koko

Rakiya Maraɗi:
Sannunku da hira. Ni da na ga hoton cewa nayi ai farin masa ne aka yi mishi kwalliya. Nan wajenmu da marece mata na soyawa bakin hanya ana ci da sukari ko da yaji, dala biyar dala biyar. Bambancin kawai namu kullu ne mai ruwa da hannu ake yankowa a jefa a mai, nasu kuma da alama murzawa ake

Hajia Fati Bronx:
Salaam ya'n uwa. Mu a Zongo bofrot muke cewa, Kumasi da safe da koko ba magana. Ni nan New York na san su da kyau, na yi aikin kula da wata tsohuwa a Brooklyn wajen Borough Park shekara uku. Ranar Juma'a da safe layin gidan burodi har waje, kowa na siyan burodin kitson nan biyu biyu. Kuma bari in gaya muku, da muka zo Amurka lokacin shagon halal bai yi yawa haka ba, manyanmu cewa suke in za ki siya biskit ko man girki ki duba alamar U cikin da'ira, in kin gani to ba alade ciki. In akwai D a gefe to da madara. Har yau ni ina dubawa, ya zama min jiki. Maman Affan wannan zai miki amfani ko a babban kanti, ban sani ba ko alamar ku ta Ingila daban ce

Nas Hadiza Manchester:
Tamu KLBD ce aka fi gani a Landan, ta kotun malamansu ce, nan Manchester kuma suna da tasu. A shago za ki ga takardar shaida manne a taga ko bayan kanta. Kuma a kula ba duk mai sayar da begel, burodinsu mai kama da zobe, bane kosha, in kika ga shago a buɗe ranar Asabar da rana yana sayar da nama da cuku a kanta ɗaya to abincin gargajiyarsu yake yi kawai, ba ruwansa da dokar, kar ki shiga da zaton komai ba madara

Malam Habu:
Hajia Fati ta tuna min, burodin nan biyu da suke siya yana da asali da mu ma mun san shi. Mannu da aka saukar wa Bani Isra'ila a jeji, wanda ya zo a Baƙara aya ta 57 tare da salwa, a littafinsu ranar Juma'a ninki biyu ake tsinta don Asabar ba a fita aiki. Shine suke ɗora burodi biyu a tebur daren Asabar. Sunansa hala, amma ha ɗin daga maƙogwaro take kamar kha ta Larabci

Maman Affan:
Ikon Allah. To ni ɗaya na siya, kitso shida aka yi masa, sama yana ƙyalli an shafa ƙwai an barbaɗa riɗi. Ɗanɗanonsa wlh sak burodin Agege mai kyau amma ya fi shi ƙwai, baban Affan ya dawo aiki ya haɗa shayi mai kauri ya cinye rabi bai tambayi daga ina ba. Da na faɗa masa sai yace to Allah ya amfana, a ƙaro.

Wani abu da na manta ban faɗa ba, da naje biya matar ta shiga ciki sai wani saurayi mai gemu ya karɓi kuɗin, da zai bani canji bai saka min a hannu ba a kan kanta ya ajiye kuma bai kalli fuskata ba. Da farko raina ya sosu nace ko don ni baƙa ce, sai naga matar da ke bayana 'yarsu ce ita ma haka ya mata. Na tuna ustazan unguwarmu nayi dariya ni kaɗai. Kuma gefen injin kuɗi akwai 'yan gwangwanaye kusan biyar masu tsaga a sama, kowa in an bashi canji sai ya jefa

Anti Bilki (admin):
Na sadaka ne. Kuma kin san me suke kiranta? Tsedaka. Ranar da na fara ji sai da na ce a maimaita

Ɗan Mai Wurno:
Salam. Larabci da Ibrananci ai 'yan ɗaki ɗaya ne, shalom alekem salamu alaikum. Mu a Sudan wannan soyayyen ligemat ne ko zalabiya, masu shayi na bakin titi suna soyawa da asuba, ba jam a ciki sai dai sukari a kai. Duniya duk inda fulawa ta haɗu da mai sai an yi wannan abin

Alhaji Baffa:
To yanzu bari in yi ta hankali sau ɗaya. Da muka je ziyara Fas zawiyar Shehu Tijjani, kullum bayan asuba akwai wani mai ɗan shago da ke soya abu kamar zobe, sfenj suke ce masa, kullun ruwa ruwa ba suga a ciki, sai ya zira maka su a ganyen dabino ya ɗaure ka riƙo kamar jaka. Wanda ya zaga da mu ya kai mu tsohuwar unguwar Yahudawan garin, Mellah, yace Yahudawan Maroko da wannan sfenj ɗin suke bikin nan da Nas Hadiza ta faɗa, ba da mai jam ba. Mai jam ɗin na mutanen Poland da Jamus ne. Kenan kowa fanken garin da ya tashi ya ɗauka ya sa wa biki

Zainab mai kek Kaduna:
Ni duk tarihin nan naji na gode amma a bani yadda ake yi 😭 kwastomomi sun gaji da donat mai huda

Hajia Fati Bronx:
Zainab ɗiyata rubuta. Tsohuwar da na yiwa aiki 'yarta ke yi ina kallo. Fulawa rabin kilo, yis ƙaramin sacet ɗaya, suga kamar cokali huɗu manya, ƙwai biyu, mai cokali uku zuwa huɗu, gishiri kaɗan, ruwan ɗumi kofi ɗaya ba cika ba, wani lokaci tana sa ruwan lemu a madadin rabin ruwan. Ki murza sosai har ya daina kama hannu amma ya zama da laushi, kar ki cika fulawa. Ki rufe ya tashi ya ninka. Sai ki baza shi da kauri kamar yatsa, ki yanka da bakin kofi, ki jera a faranti da kika barbaɗa fulawa ki sake rufewa ya tashi karo na biyu kamar rabin awa. Wannan tashi na biyun shine sirrin, shi ke sa ya yi iyo a kan mai rabi a ciki rabi a waje har farin zoben nan da Maman Affan ta gani ya fito. In ya nutse to bai tashi ba. Wuta matsakaiciya, in ta yi yawa waje ya ƙone ciki ɗanye, in ta yi kaɗan ya sha mai. Minti biyu kowane gefe. In ya huce kaɗan ki huda gefe ko sama ki matsa jam da leda ko sirinji, sannan aisin suga a ƙarshe. Kuma ranar ake ci, in ya kwana ya zama wani abu daban

Zainab mai kek Kaduna:
Allah ya saka da Aljanna Hajia. Jam ɗin nan yayi tsada yanzu, ina tunanin in dafa zoɓo da suga ya yi kauri in gwada, ko tsamiya

Rakiya Maraɗi:
Na zoɓon zai yi, kalar ma iri ɗaya ce. Ki sa citta kaɗan

Maman Affan:
Zainab in kika yi na zoɓo wlh sai na kai wa matar nan hoto. Su kuma 'yan ƙananan nannaɗaɗɗun rogalak ne ko rugelak, kamar ƙaramin jinjirin wata, an shafa cakulat an naɗe, sama da ɗan danƙon suga kamar an tsoma alkaki a ruwan suga amma bai kai shi zaƙi ba. Su ne ma suka fi burge ni fiye da donat ɗin in gaskiya zan faɗa, donat ɗin jam ɗinsa yayi min kaɗan, sai kin ci rabi kafin ki iso shi. Akwai wani kuma dogo kamar burodin gwangwani duk cikinsa zane zanen cakulat, babka, shi ban siya ba kuɗin hannuna sun ƙare

Hajia Fati Bronx:
Rugelak ki kula, na nan Amurka da yawa da cuku ake kwaɓa shi, ki tambaya kowane lokaci kar ki ce jiya ba madara. Babka kuwa ki siya mai kirfa, ya fi na cakulat, ni dai a bakina

Abban Sadiq:
Ina ta karatu ban ce komai ba. Ni direban tasi ne ina yawan bin wajen, gobe Juma'a in an sauko masallaci zan biya in ɗauko wa yara. Maman Affan wane gefen titin ne?

Anti Bilki (admin):
Abban Sadiq in ka bari aka sauko Juma'a ka tsaya gaishe gaishe to ƙofa za ka tarar a rufe. Asabar ɗinsu daga faɗuwar ranar Juma'a take farawa, kuma yanzu kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, su kuma tun wajen ɗaya zuwa biyu suke kulle shago don kowa ya isa gida ya yi wanka a kunna kyandir. Asabar gaba ɗaya ba ciniki, ba tuƙi, ko waya basa taɓawa, unguwar tsit kamar Kano ranar sallah da hantsi. Ka je da safe kafin masallaci amma ka shirya bin layi, ko ka bari sai Lahadi. Kuma wajen Afrilu in bikinsu na Pesak ya zo kwana takwas gidajen burodin a rufe suke ruf, basa cin duk abin da aka sa wa yis, ni na taɓa zuwa na tsaya ina leƙen taga kamar marainiya

Abban Sadiq:
To Lahadi kenan. Bikin zai kai Lahadi ko donat ɗin zai ƙare?

Nas Hadiza Manchester:
Daren yau kyandir huɗu na gani a tagar makwabta, zai kai

Maman Affan:
Abban Sadiq zan tura maka kwatance ta akwati. In ka je dan Allah ka tambayar min ko babkar parev ce, kuma ko akwai giya a ciki, in babu ka riƙo min ɗaya mai kirfa baban Affan zai karɓa a masallaci ya baka kuɗin

Alhaji Baffa:
Ni fa har yanzu ba a ce komai kan donat biyun nan na kwali ba

Maman Affan:
Alhaji ka makara, Hajia Fati tace baya kwana